Daga Bakin Goggo Zuwa Kwamfuta: Yadda Ake Taskace Girke-girke

Shekara uku ke nan da aka zare mini waya daga jaka a cunkoson kasuwa, saura kwana tara bikin ƙanwata. Kuɗin wayar bai ƙona mini rai kamar abin da ke cikinta ba. Akwai saƙonnin murya sun fi arba'in da Goggo, yayar mahaifinmu, ta yi ta turo mini ta WhatsApp, tana bayanin alkaki da nakiya da dubulan irin na gidanmu, kuma ban taɓa kwafe ko ɗaya zuwa wani wuri ba. Na sayi sabuwar waya, na dawo da layina, na tarar da wayam. Allah ya sa Goggo tana nan da ranta da lafiyarta. Sai na ɗauki littafi da biro da ƙaramin sikeli na je na tare a ɗakinta kwana huɗu. Abin da zan shimfiɗa miki a nan, uwargida, daga wannan zaman ya samo tushe, sai kuma abin da hannu ya koya bayansa.

Tunanin ajiye girki a kwamfuta ya daɗe. A 1969 kantin Neiman Marcus na Amurka ya tallata wata kwamfutar kicin ta kamfanin Honeywell a kan dala 10,600, har da katakon yanka albasa a jikinta. Kafin mace ta iya aiki da ita sai ta yi kwas na mako biyu, domin ba rubutu take nunawa ba, 'yan fitilu ne ke kunnuwa suna mutuwa. Wayar da ke hannunki yau ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma har gobe na'ura ba ta san abin da hannunki ya sani ba, abin da kika zuba mata shi za ta riƙe. Don haka aikin farko a madafa yake, tun kafin a kunna komai.

Awo kafin rubutu

Ranar farko na tambayi Goggo yawan kanwar da take sa wa alkaki. Ta ce, "Daidai misali, 'yar nan." Na ce, "Goggo, misalin nawa?" Ta ɗebo da yatsu uku ta nuna mini. Kafin ta jefa a ruwa na tara mata farantin sikeli. Haka muka yi da komai: ta ɗebo yadda ta saba, ni kuma in auna in rubuta. Ban nemi ta canza hannunta ba, kuma ina roƙonki kada ki nemi taki Goggon ta canza. Idan kika miƙa wa tsohuwa cokalin awo kika ce ta yi da shi, abin da zai fito ba girkinta ba ne.

Ma'aunanmu na gida suna da rauni ɗaya: ba su tsaya wuri guda ba. Mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, tiyar Maraɗi daban da kwanon da ake awo da shi a Zariya, gwangwanin madara ma akwai babba akwai ƙarami, sa'annan wata tana shafe bakinsa, wata tana barinsa da tozo. Turawa ma sun sha wannan wahala. Littafin girkin Fannie Farmer da ya fito a Boston a 1896 ya yi suna ne saboda nacewa a kan shafaffen awo. Duk da haka kofinsu bai zama ɗaya ba har yau: na Amurka kusan mililita 240 ne, na Ostareliya 250. Cokalin shayi mililita 5, babban cokali 15, amma a Ostareliya 20.

Maganin wannan shi ne nauyi. Ki sayi sikelin kicin mai batir wanda ke nuna giram ɗaya-ɗaya. Ki ɗora kwano, ki danna maɓallin da ke mayar da shi sifiri, sa'annan ki zuba abin awo. Za ki ga abin mamaki: kofi ɗaya na sukari yana kai giram 200, amma kofi ɗaya na fulawa bai wuce 120 zuwa 130 ba, kuma yana sauyawa idan an tankaɗe ko an danna. Ruwa ne kawai mai sauƙi, mililita ɗaya giram ɗaya.

Kada ki yar da ma'aunin gida don kin samu giram. Ki rubuta duka biyun, misali "shinkafar tuwo gwangwani 4 shafaffu, giram kaza". Ranar da batir ya mutu gwangwani yana nan, ranar da 'yarki ta yi aure a wani gari giram yana nan. Ni na ware shafi guda na sa masa suna "Ma'aunan gidanmu", na auna mudunmu da gero, da shinkafa, da wake, da masara, na rubuta nauyin kowanne, domin mudu ɗaya na wake da mudu ɗaya na gari ba nauyinsu ɗaya ba.

Kanwa tana son kulawa ta musamman. Ungurnu da jar kanwa ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma yawancinmu jiƙa ta muke yi mu tsiyaye ruwan. Idan kika rubuta "ruwan kanwa ludayi ɗaya" ba ki faɗi komai ba tukuna. Ki rubuta irin kanwar, da giram nawa, a ruwa nawa, ta jiƙa tsawon wane lokaci.

Fasali ɗaya ga kowane girki

Kafin ki zaɓi manhaja, ki tsayar da fasalin da kowane girki zai bi, kada ki sauka daga kansa. Nawa ga shi: sunan abinci a sama, sauran sunayensa, daga wa na koya da shekarar da na koya, yawan abin da yake fitarwa, kayan haɗi, kowanne a layinsa, a jere yadda za su shiga tukunya, matakan aiki, alamun nuna, sai bayanin gwaji, inda nake rubuta kwanan wata da abin da na canza da yadda ya fito.

Biyu daga cikin waɗannan ake yawan tsallakewa, kuma su ne masu tsada. Na farko yawan abin da girki ke fitarwa. "Ya ishi gida" ba ƙidaya ba ce. Ki ƙirga: waina guda nawa ƙullun ya ba ki a tandarki, malmalar tuwo nawa, cincin ya cika wace roba. In babu wannan adadi, duk lissafin da za mu yi nan gaba ba shi da madogara.

Na biyu alamu. Minti 20 a kan gas ba minti 20 ba ne a kan gawayi ko itace. Ƙullun wainar da zai tashi cikin 'yan awoyi a zafin watan Afrilu, sai ya kwana bai motsa sosai ba a hunturu. Goggo ba ta taɓa duba agogo ba, ga abin da take cewa game da ruwan sukarin alkaki: "Ki ɗiga a yatsa, ki haɗa da babban yatsa ki buɗe. In ya ja zare, sauke." Irin wannan magana ki rubuta ta yadda aka faɗe ta, kada ki gyara mata Hausa. Ki sa lokaci a gefe a matsayin kimantawa, ki faɗi irin murhun da kika yi aiki da shi.

Wace manhaja?

Akwai manhajojin da aka gina don girki kawai, irin su Paprika, wadda ake saya, tana iya kwaso girki daga intanet, ta ninka awo, ta fitar da jerin cefane. Suna da kyau ga mai yawan girkin ƙasashen waje. Amma an gina su a kan kofi da giram da sunayen kayan Turawa, ba su san daddawa ko tsakin masara ba, kuma idan kika tara girki ɗari uku a ciki kin ɗaure kanki da kamfani ɗaya. Ni shawarata ki fara da abin da ya fi sauƙi.

Idan waya kawai gare ki, Google Keep ya isa. Kyauta ne, kowane girki ki ba shi takardarsa, ki liƙa masa hoto, ki sa masa laƙabi kamar "miya", "azumi", "gara", "abin sha". Girki ɗaya yana iya ɗaukar laƙabi uku, wanda littafin takarda ba zai iya ba: kunun gyaɗa ya shiga "kunu", ya shiga "azumi", ya shiga "mai jego". OneNote na Microsoft shi ma kyauta ne, tsarinsa kamar littafi mai babi-babi, ya fi dacewa da mai son rubutu mai tsawo.

Idan kina da kwamfuta, ko kina girkin sayarwa, ki haɗa abu biyu: manhajar rubutu don bayanin girki, da manhajar jadawali don fihirisa da lissafi. Word da Excel ne aka fi sani. Google Docs da Google Sheets suna aiki a waya da kwamfuta, kuma ana iya saita fayil ya buɗu ko babu data. LibreOffice kyauta ce gaba ɗaya, ba ta neman intanet, Writer ɗinta yana aikin Word, Calc yana aikin Excel.

Tambaya ɗaya nake yi wa kowace manhaja kafin in amince da ita: in na gaji da ke, ta wace ƙofa zan fita da kayana? A shekarun 1990 masu girki a Amurka sun tara dubban girke-girke da wata manhaja mai suna Meal-Master. An daina yayinta tuntuni, amma har yau ana karanta girke-girken da aka fitar daga cikinta, saboda tsurar rubutu ne da kowace kwamfuta ke buɗewa. Duk manhajar da ba ta barin ki fitar da aikinki a matsayin tsurar rubutu ko PDF ko CSV, ki bar ta inda kika gan ta.

Fihirisa da matsalar ƙugiya

Ki buɗe folda ɗaya mai suna "Girki", a cikinta ƙananan foldoji kaɗan: tuwo da dangoginsa, miya, soye-soye, kayan gara, abin sha, nama da kifi. Kada su wuce takwas, in sun yi yawa ke da kanki za ki rasa inda kika sa dambu. Sunan fayil ya fara da abincin, ya ƙare da mai shi: "alkaki-Goggo", "alkaki-maƙwabciya". Girki biyu masu suna ɗaya ba kishiyoyi ba ne, kowanne a bar shi da ɗakinsa.

Sai fihirisa a jadawali. Kowane girki layi ɗaya a kwance, ginshiƙai kuma a tsaye: suna, sauran sunaye, rukuni, babban kayan haɗi, lokacin da yake ci, ko yana buƙatar jiƙo tun dare, daga wa. A Excel, idan kika danna Ctrl da Shift da L tare, 'yan kibiyoyi za su fito a kan kowane ginshiƙi, da su ake tacewa. Ranar da kika dawo aiki a gajiye, wake kawai ke gare ki, sai ki tace "wake" da "ƙasa da awa ɗaya", ki ga abin da ya rage.

A nan ne Hausa ke da tata matsalar da jagororin Turanci ba za su gaya miki ba. A wurin kwamfuta, k da ƙ baƙaƙe biyu ne da ba su haɗa komai ba, haka d da ɗ, haka b da ɓ. Idan kin rubuta "ɗanwake" kika nemi "danwake", sau da yawa za ta ce babu. Haka "ƙuli-ƙuli" da "kuli-kuli", haka "kuɓewa" da "kubewa". Mutanen Nijar kuma suna rubuta ƴ inda mu a Najeriya muke rubuta 'y. Ni ina goyon bayan rubutu da ƙugiya, domin shi ne daidai, kuma ba wuya: a waya ki ƙara Hausa cikin harsunan madannin Gboard, a kwamfuta Windows tana da madannin Hausa, akwai kuma manhajar Keyman. Amma a layin "sauran sunaye" ki zuba har da marar ƙugiya, ki ƙara da na wasu garuruwa: waina da masa, ƙuli-ƙuli da ƙarago, kuɓewa da guro, zoɓo da zoɓorodo, fate da gwate, attaruhu da attarugu. Duk wanda ya zo bakin mai nema, zai kai ta gida. Idan za ki adana jadawali a matsayin CSV, ki zaɓi wanda aka rubuta UTF-8 a jikinsa, in ba haka ba baƙaƙen ƙugiya su koma alamar tambaya.

Ninka awo

Wannan ne wurin da jadawali ke biyan wahalarsa. A ce cincin ɗinki na gida fulawa giram 1,000 ne, sukari 200, bota 125, ƙwai 2, yanzu ga suna ya taso kina son kwaɓa fulawa giram 3,500. Ki jera sunayen kaya a ginshiƙin A daga layi na 2, adadinsu a B, ma'auninsu a C. A gurbin F1 ki rubuta 1000, a F2 ki rubuta 3500. Sai a D2 ki rubuta:

=B2*$F$2/$F$1

Ki kama ƙusurwar gurbin ki ja ƙasa har ƙarshen jerin. Sukari zai koma 700, bota 437.5, ƙwai 7. Alamar dala da kika gani tana hana F1 da F2 zamewa yayin da kike ja. Gobe in taron ya ƙaru, F2 kaɗai za ki canza. Kina iya sa yawan mutane ko yawan waina a waɗannan gurabe biyu maimakon nauyin fulawa, lissafin ɗaya ne.

Ga tarko biyu. Idan kika rubuta 1/2 a Excel, sai ta ɗauka kwanan wata kike nufi, ta mayar da shi ranar wata. Ki rubuta 0.5. Kuma adadi ya zauna shi kaɗai a gurbinsa: "200" a B, "giram" a C. In kika haɗa su wuri ɗaya, lissafi ya tsaya. Wadda kwamfutarta ke kan saitin Faransanci, kamar yawancin 'yan'uwa a Damagaram da Yamai, waƙafi za ta sa a maimakon ɗigo, wato 0,5.

Sai dai ba komai ke bin ninki ba. Gishiri da yaji da kanwa, idan girki ya ninku sau biyar ko goma, ki fara da ƙasa da abin da jadawali ya ce, ki ɗanɗana ki ƙara. Yis ma haka, domin ƙullu mai yawa yana riƙe ɗumi, ya fi saurin tashi. Lokaci kuwa sam ba ya ninkuwa, kuma ruwan shinkafa a babbar tukunyar biki ba ya bin lissafin ƙaramar tukunya. Na ware ginshiƙi guda da nake sa wa irin waɗannan kaya alamar "a ɗanɗana". Bayan kowane babban girki nakan koma in rubuta ainihin abin da na zuba, daga nan wannan adadin nake bi, ba na jadawali ba.

Ga mai sana'a, mataki ɗaya ya rage. Ki buɗe wani shafi a cikin fayil ɗin ki kira shi Farashi: sunan kaya a A, kuɗin giram ɗaya a B. A ce kin sayi fulawa kilo ɗaya Naira 1,500, giram ɗaya ya kama 1.5 ke nan. Abin da ake ƙirgawa, kamar ƙwai, ki sa kuɗin guda ɗaya. A shafin girki, gurbin E2, ki rubuta:

=VLOOKUP(A2,Farashi!A:B,2,FALSE)*D2

Ki ja ƙasa, ki tara jimla, ki raba da yawan abin da girkin ya fitar. Kada ki manta da man suya da gas ko gawayi da leda da kuɗin niƙa da na mota, su ne ke cinye ribar masu sayar da abinci ba su ankara ba. Duk ranar da kasuwa ta motsa, shafin Farashi kawai za ki gyara. Idan kika ga #N/A, duba rubutun sunan: galibi "ƙwai" ne a wani shafi, "kwai" a ɗayan.

Murya da hoto

Rubutu ba ya ɗaukar komai. Yadda ake naɗe dubulan a yatsu, ko kaurin ƙullun ɗanwake lokacin da yake saki daga hannu, bidiyon daƙiƙa 30 ya fi shafi biyu bayani. Ki ɗauki hoton matakin da ake kuskure a kansa, ba na farantin da aka gama shiryawa kaɗai ba. Tsofaffin littattafan girki na makaranta da takardun da mahaifiya ta rubuta da hannunta, ki ɗauki hotonsu a hasken rana kafin ki kwafe, ki ajiye hoton tare da fayil ɗin.

Murya kuma ki nemi izini kafin ki naɗa. Da na tambayi Goggo, cewa ta yi, "Naɗa mana, amma na 'ya'yan gidan nan ne, ban ce ki baza wa duniya ba." Na rubuta wannan sharaɗi a saman fayil ɗin, kuma ina kiyaye shi. Saƙon muryar da aka turo miki ta WhatsApp, ranar da ya zo ki tura shi Google Drive ko kwamfuta, ki canza masa suna zuwa na girkin. In kwamfuta ta ƙi buɗe shi, manhajar VLC tana buɗewa.

Kwafi uku

Masu harkar kwamfuta suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen gida. A aikace, ɗaya a kwamfuta ko waya, ɗaya a filashi, ɗaya a intanet. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda saƙonnin Gmail da hotuna ke ci daga ciki, amma rubutun girki dubu ba zai kama wani wurin kirki ba, bidiyo ne mai cin wuri. Filashin ki ajiye shi don wannan aiki kawai, kada ya riƙa yawo shagunan buga takardu yana kwaso cuta. Ki tsayar da rana ɗaya a wata don sabunta kwafi, kuma lokaci-lokaci ki buɗe fayil ɗaya daga filashin ki tabbatar yana buɗuwa. Kalmar sirrin asusun ki rubuta ta a takarda, ki sanar da mutum ɗaya da kika yarda da shi inda take.

Kwamfuta ba ta shiga madafa, tururi da mai da gari ba sa raga mata, wuta kuma tana iya ɗaukewa kina tsakiyar talge. Girke-girke goma ko sha biyar da kika fi yi, ki fitar da su PDF, a buga miki da manyan baƙaƙe, kowanne a shafi ɗaya, a rufe su da leda ko ki zura su a fayil mai aljihun roba. Ki rataye a ƙusa nesa da murhu, da fensir ɗaure da zare da 'yar takarda a gefe don gyaran da ya zo miki kina kan aiki. Da daddare, bayan an kwashe kwanuka, ki shigar da gyaran cikin fayil ɗin, da kwanan wata a gabansa.